Wana Alu da Motar Ajidan

Wani direban shanu ne ya kawo mini wasiƙar har Zangon Kumasi, ran Talata bayan azahar. Hajo ce ta sa aka rubuta, matar wana Alu, mai gyaran agogo a bakin kasuwar Malanville. Allah ya yi masa cikawa bayan jinyar kwana huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara goma sha ɗaya ban aika masa ko gaisuwa ba, kuma da gangan na yi. Gara ku ji dalili daga bakina.

Alu ba mai yawan magana ba ne. Ko me ka kai masa, agogo ko rediyo, sai ya ce, "Aje in gani tukuna." Ba ya cewa abu ya mutu sai ya buɗe cikinsa.

A shekarun juyin juya hali ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ana kirana Mushe. Na yi magana gaban 'yan kwamiti kan shinkafar da ake karɓe wa manoman Garu, aka sa sunana a takarda. Alu ya ɓoye ni a ɗakin albasa na bayan rumfarsa, ina jiran masuntan da za su ƙetar da ni kogi zuwa Gaya. Abin tsoron shi ne ajidan, babban jami'in jandarma na garin, wanda ya san fuskata, kuma wuni yake yi tsakanin gada da mashigar jirage.

A satin nan ajidan ya kawo wa Alu wata 'yar Fijo ta ƙarfe, motar wasa, ba ta cika tafin hannu ba. Ta ɗansa ce da ya rasu. Fenti ya kware, taya biyu babu, gilashi ya tsage. Alu ya ce sai mai ita ya zauna kusa, don shi bai san kamanninta na da ba. Ajidan ya riƙa zuwa kowace hantsi.

Ta ɓular bango nake ganinsu. Alu ya jiƙa motar a ruwan sodar sabulu, ya bi lungunanta da allura har ƙarfe ya fito fari. Ya yanka taya daga tsohon silifa, ya zura musu wayar keke, ya fere gilashi daga gidan kaset. Suna shan shayi, har da dariya. Ni kuwa ko tari ba dama. Na aika Hajo ta tambaye shi ko ya manta wa ake farauta. Ta dawo da amsa: a ce ma Mushe ya yi haƙuri da warin albasa, aiki bai ƙare ba.

Ran kasuwa masuntan suka shirya, na fito da buhu a ka. Ba wata hanya sai ta gaban rumfar. Ajidan ya duƙa kan motar, Alu na nuna masa wani abu da tsinke. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma bai ɗago ya dube ni ba. Wannan na ƙulla a raina har Kumasi.

Sauran sai a wasiƙar Hajo na ji. Kwana biyu ya isa aikin. Sau uku Alu ya kankare fentin da ya shafa, yana cewa launin bai yi ba, don ya riƙe ajidan a rumfa, tunda masuntan suna ta ɗaga rana. Daga baya ajidan ya gane, aka kira Alu ofishinsu, ya dawo da karyayyen babban yatsa. Bai sake kama cikin agogo ba, ya koma likin fitila da bokiti. Duk da haka, motar ya gama ta tsaf kafin ya miƙa. Hajo ta yi ƙorafi, ya ce yaron ba shi da laifi. Ya kuma hana a gaya mini: "In ya ji, dawowa za shi yi."

Na san waɗanda suka rubuta sunana suna sahun gaba ranar jana'iza. Ba ni da bakin zarginsu sosai. Su sun je, ni ban je ba.

Allah ya jiƙan Alu, ya yalwata kabarinsa, ya sa yatsan nan ya zame masa shaida. Allah ya ba Hajo da 'ya'yanta haƙuri, ya tsaya musu. Hajo, idan kin je kusa da kabarinsa, ki roƙa mini gafara, ki ce ƙanensa ya ji.