Ranar da Muka Shanya Takardun Malam Ɗan Barno

Alhamis ce, kasuwar Maigatari na ci. Tun asuba mazan ƙauyenmu suka kora awaki suka tafi. Ni kuwa na share zaure na shimfiɗa tabarmi, don ranar ce Baba ya tsayar ta shanyar takardu.

Takardun na kakan kakanmu ne, Malam Ɗan Barno. Da ƙafa ya tafi gabas neman ilimi yana saurayi, ya dawo da furfura. An ce an ba shi alƙalanci a Gumel, ya yi damina ɗaya ya ajiye, ya dawo ƙauye ya kafa makaranta. Abin da ya rubuta da hannunsa ya cika gafaka biyu: hukuncin rabon gado, iyakar gona, haƙƙin rijiya, da waƙoƙin wa'azi da ajami. A zamanin Turawa wani fada, limamin coci, ya zo a kan doki ya yini yana dubawa, ya nemi a sayar masa. Kakana ya ba shi fura ya sallame shi.

Ba a ɗinke suke ba, falle-falle ne. Kowace shekara bayan kaka mukan fito da su su sha iska saboda gara. Tun da idon Baba ya tafi, ni ke jerawa ina danne kowane falle da tsakuwa, shi yana bakin ƙofa yana mini faɗan kada in taɓa da jiƙaƙƙen hannu.

Da hantsi na ji ƙarar babura. Na ɗauka 'yan kasuwa ne suka yi mantuwa. Sai kaji suka watse. Sai harbi daga wajen rijiya, ɗaya, sannan ba ƙaƙƙautawa. Sai ihun mahara.

"A kwanta! Kowa ya kwanta!"

"Ina shanun? Fito da su!"

Warin fetur ya riga hayaƙi isowa. Na ji kara na fashewa a dangar maƙwabta. Na kama hannun Baba, ya fizge.

"Takardun, Hajara! Kwashe takardun!"

Na durƙusa na goya shi da ƙarfi. Bai fi buhun dusa nauyi ba. Na fasa dangar baya muka faɗa gona. An riga an yi girbi, ba wurin ɓuya sai tarin kara. A bakin hanya na ga Iya Dije mai ƙosai kwance ba rai, mai na tafasa a kasko har lokacin. Na tsallake ƙafarta. Baba yana dukan kafaɗata yana cewa in koma.

Azahar ta same mu a wata ruga, aka ba mu ruwa. Da la'asar muka fito titin Sule Tankarkar, wata motar riɗi ta tsaya mana. Ana kiran magariba muka shiga Gumel, gidan Goggo, ƙanwar Baba. Ƙafafuna duk ƙaya. Baba ya ƙi cin abinci. Duk wanda ya shigo jaje, tambayarsa ɗaya ce, ko an ga zauren.

Da aka ce an samu lafawa, na koma ni kaɗai. Rabin gari toka. Zaurenmu na tsaye, don soro ne na ƙasa, sauran kuwa jinka ce. Maharan ko leƙa shi ba su yi ba, ba saniya a ciki. Na shiga da murnata. Ga tabarmi, ga tsakuwoyi a warwatse, ga gafaka biyu a buɗe. Ba takarda.

A ƙofar masallaci na tarar da babbar tukunyar biki, rabi da baƙin ruwa, ƙudaje na bin bakinta. Dagargajen takarda na yawo a sama kamar dusa a kan ƙasari. Yaya Sale, ɗan wan Baba, ya taso yana fara'a, sabuwar laya a damtsensa.

"Ke ba ki ga ikon Allah ba? Ko'ina ya ci wuta ban da inda rubutun Malam yake. Shi ne muka wanke aka sha, manya da yara. Saura an ɗinke layu. In sun dawo, harsashi ruwa zai zama. Ungo, ga naki mun ajiye miki."

Ya miƙo mini moɗa. Na dubi haƙoransa, tawada ta rina su. Mutanen nan ne Baba ya yi ta roƙo, lokacin yana gani, su zo ya koya musu ko layi ɗaya. Ba wanda ya taɓa samun sukuni. Yau sun samu sukunin shanye hukuncin rabon gado don maganin bindiga, har da layi suka yi, kowa da kofinsa. Na zaga bayan masallaci na yi amai. Har yanzu ba na shan baƙin shayi.

Falle ɗaya na samu, iska ta tura shi ƙarƙashin tabarma. Na sa a gafaka na koma Gumel.

Mutum huɗu muka rasa ranar, da shanun gari duka. An yi musu addu'a, an riƙa faɗin sunayensu. Takardun ba wanda ya ambata.

Baba ya karɓi gafakar, ya jinjina ta a hannu. Ya lalubo fallen ya shafa, ya miƙo mini. Na fara karantawa, yana bina da ka. Waƙa ce, baiti ya raba tsakiya a ƙarshen shafi. Na tsaya, shi ma ya tsaya. Ya motsa baki yana neman abin da ke biye. Na jira shi har aka kira sallah.