Sakatar da Baba Sai-Gobe Ya Sa wa Motar Yayana

Kafin masu shagunan layin su gama buɗe ƙofofinsu, Baba Sai-Gobe ya riga ya share garejinsa ya yayyafa ruwa. Daga nan sai ya shimfiɗa tsohon buhu a kan benci, ya jera sifanoninsa daga ƙarama zuwa babba, ya kunna rediyon nan tasa da ba ta kama komai sai tasha ɗaya, ya zauna da kofin shayi yana kallon motar da zai shiga ƙarƙashinta. Kallon nan yakan daɗe. In kai ne mai motar, sai ka ji kamar ka ɗauke shi ka cusa shi ƙarƙashin da kanka. Da ka tambayi yaushe za a gama, amsar ɗaya ce: "Sai gobe." Nan sunan ya samo asali. Ni ma na sha wannan amsa har na yi rantsuwa ba zan ƙara kai masa mota ba, amma rantsuwar ba ta taɓa yin nisa ba.

Yanzu Baba zai ajiye aiki. Baya ya ƙi, ido ya fara gardama, 'ya'yansa kuma sun taru sun ce ya isa haka. Ba za a yi masa taro ba, ba za a ba shi lambar yabo ba, shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na sani tun yana da ransa zai ji.

Mai walda, maƙwabcinsa na shekara da shekaru, ya ce ya taɓa ganin Baba ya ɓoye makullin motar wani attajiri a cikin hularsa don mutumin ya dage sai ya hau hanya da birki mai yoyo. Attajirin ya yi ta zagi, Baba yana ta ba shi haƙuri, amma makulli bai fito ba sai da aka gyara birkin. Irin waɗannan labarai suna da yawa a layin. Nawa na gidanmu ne.

Yayana direba ne. Yana da wata tsohuwar jif mai jan taya huɗu, da ita yake kwaso kayan lambu daga gonakin da ke bayan fadama zuwa kasuwa. Hanya ce wadda in damina ta sauka ƙananan motoci ba sa ko leƙa ta. Yaya ya san ta kamar tsakar gidansa: inda taɓo yake da zurfi, inda akwai dutse a ƙasa, inda ake shiga da gudu da inda ake lallaɓawa. Sai ciwo ya zo ya shanye masa ɓarin hagu. Ƙafar da yake taka kuloci da ita ta daina jin magana, hannun ma haka.

Ya dawo daga asibiti ya shige ɗaki ya juya fuska bango. Mutumin da in yana gida maƙwabta ke jin muryarsa, sai ya zama ko ruwa yake so da ido yake nunawa. Abokai su zo, ya ce a ce yana barci.

Matarsa, wadda shi ya koya mata tuƙi da kansa, ta ɗauki makulli ta ci gaba da hayar. Da rani ba a samu matsala ba. Da ruwa ya sauka sai motar ta fara kafewa a mashigin fadama, kaya su kwana a hanya su lalace, har masu lambu suka fara maganar neman wata mota. Da labari ya kai ɗaki, kalma huɗu Yaya ya faɗa: "A sayar da ita." Ba motar nake ji ba. Na san ran da ta fita daga ƙofar gidan nan, Yaya ya gama fid da rai da kansa, kuma ba zai ƙara fitowa daga ɗakin ba.

Matar Yaya ta ƙi. Ta kai wa Baba motar, ni na raka ta, ta yi masa bayani.

"Baba, taya ɗaya sai ta yi ta juyawa a cikin laka tana watsa taɓo, ɗayar tana kan ƙasa mai kyau amma ko motsi."

"Haka aka ƙera ta, 'yata," in ji Baba. Ya nuna mata tukunyar ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya. "Haƙoran da ke cikin nan su ke raba wa tayoyi ƙarfin inji, don mota ta iya shan kwana. Amma a taɓo, duk tayar da ta fi sauƙin juyawa ita ke kwashe ƙarfin. Mijinki da dabara yake wucewa. Ke kuma sakata za mu sa miki, in an ja ta, tayoyin biyu su juya tare ko sun ƙi ko sun so."

"Yaushe za a gama?"

Ya dube ta kawai, duk muka yi dariya.

Goben nan ta yi tsawo. Sai da ya zaga wajen masu kayan tsofaffin motoci ya samo sakatar da ta dace. Ya ɗaga motar, ya tsiyaye baƙin mai, ya kwance farfela mai kai ƙarfin inji baya, ya zare sandunan tayoyi, shi da mai walda suka sauke tukunyar a kan benci suna nishi kamar masu ɗaukar gawa. Na ga ya shafa wa haƙoran fenti rawaya, ya juya su, ya duba inda fentin ya goge, ya girgiza kai ya kwance. Ya ƙara wata siririyar washa, ya ɗaure, ya sake shafawa. Ya maimaita har na gaji da kallo. Ya ce in haƙora ba su haɗu daidai ba, mota za ta yi ta kuka a hanya, wata rana kuma ta tauna kanta.

Ana cikin haka ya zo gida duba Yaya. Bai jira a ce masa ana barci ba, ya yi sallama ya shige. Ya kama hannun daman Yaya ya riƙe.

"Direba, matsa in ji."

Yaya ya matsa a fusace.

"Wayyo! To, sake ni, da shi nake cin abinci."

Ya tashi ya tafi. Muka ɗauka gaisuwar tsofaffi ce.

Ran da muka je karɓar mota, matar Yaya ta leƙa kusa da giya tana neman abin jan sakatar, ba ta gani ba. Yana can gefen kujerar fasinja, jikin ƙofa, daidai inda hannun daman wanda ya zauna zai sauka. Baba har ya naɗe mariƙin da roba.

"Baba, ai hannuna ba zai kai can ba."

"Na sani. Sakatar nan sa ta ba wuya, sanin lokaci ne aikin. A ja ta kafin a shiga taɓo, a zare ta kafin a hau kwalta. In kika manta ta a ɗaure, motar za ta ƙi shan kwana, ko ta karya miki sanda. Ke idonki yana kan sitiyari. Ana buƙatar wanda ya san hanya ya zauna a nan."

Ta ce, "Ba zai fito ba, Baba."

"In ya ƙi, ki dawo, na bar wayar sakatar da tsawo, sai in mayar miki kusa da giya. Amma ki fara gaya masa."

Ta gaya masa. Yaya ya ce shi ba abin tausayi ba ne, tsohon nan ya riƙe dabararsa. Na ji haushin Baba a ranar, na ce ya ƙara wa mai ciwo ciwo. Washegari tana shirin fita, sai muka ji murya daga taga.

"Ke, ta ina kike shiga mashigin?"

"Ta tsakiya."

"Ta tsakiya? Wa ya ce miki ana bi ta tsakiya? Kai, miƙo min takalmina."

Ni na tallafe shi har kujera, na hau baya. Muka kama hanya har muka isa bakin fadama. Nan ya gyara zama ya ce ta tsaya, ta sa ƙaramar giya, ta bi ta gefen ciyawa. Ya ja sakata, muka ji ta shige ƙwas. "Kada ki taka da ƙarfi. A hankali. Riƙe haka!" Motar ta nutsa, ta yi gurnani, ta tako ta fito kamar saniya daga rafi. Ya zare sakatar, ya juyo ya ce mata, "Wai sitiyari kike riƙewa ko tsintsiya?"

Matar Yaya ta taka birki ta kifa kai a kan sitiyarin, tana dariya tana kuka. Rabon da ya yi mata faɗa tun kafin ciwon. Ni ma na kau da kai ina share ido, ban ɓoye ba. Masu lambu suka hango shi suka yar da kwanduna suna ihun Direba ya dawo.

Da na je na ba Baba labari, yana ƙarƙashin wata mota, bai ko fito ba. Ya ce, "Ya zare ta kafin kwalta?" Na ce ya zare. Ya ce, "To madalla, miƙo min sifanar nan."

Baba, kai ne wanda aka kawo wa mota ya duba har da mutanen da ke cikinta. Kai ne ka ga ba magana mai daɗi Yaya yake buƙata ba, don mun yi masa ita har ta gundure shi, aikin da ba wanda zai iya sai shi yake buƙata. Gwanin ƙarƙashin mota, mai jinkirin da ba a da-na-sani. Ɓarin hagun Yaya bai dawo ba, likita ma ya ce da wuya ya dawo, amma mutumin ya dawo mana.

Ku masu sana'a, in an kawo muku aiki ku ɗan tambayi halin da mai shi yake ciki. Mu kuma da muke da mara lafiya a ɗaki, kada mu ƙwace masa komai da sunan tausayi, mu nemo abin da hannunsa zai iya mu miƙa masa.

Mun gode, Baba. Allah Ya huta gajiya, Ya sassauta maka bayan nan, Ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da abin da ka yi mana. Yaya bai iya godiya ba, ka san shi, cewa ya yi in gaya maka mariƙin ya ɗan yi tauri. Amma kullum da safe shi ne farkon shiga mota, yana zaune hannunsa a kan mariƙin, yana ƙwala wa matarsa kira ta yi sauri rana tana yi.