Ranar da Surukina Ya Zo Duba Ni a Shagon Fiza

Abubuwa da yawa sun shige mini duhu da shekaru suka ja, amma ranar da na fara cin fiza tana nan daram a kaina, kuma na san da ita za a binne ni. A ranar ce na zubar da mutuncin da na yi shekara shida ina tarawa a gidan surukaina.

Bakina ne ya jawo mini. Na taɓa yin leburanci na wata huɗu a Abuja, ina ɗaukar bulo. Da na dawo Batsari sai na zama malamin birni a majalisarmu. Har cewa na yi fiza ta gundure ni a can, alhali iyakar sanina da ita kwalinta ne, da na taɓa shimfiɗawa na zauna a kai. Ƙaryar ta zauna lafiya, sai da wani matashi ya dawo daga Kano ya buɗe shagon fiza kusa da tasha. Abokaina suka ce ranar kasuwa ni zan ja su. Ni kuwa ban ma san ko da cokali ake ci ko da hannu ba. Na ƙudurta in saci jiki in je ni kaɗai in koyo tukuna.

Rana ɗaya ta rage kafin kasuwa, kuma ita ce ranar gayya a gonar surukina a Karare. Kowa ya san mijin ɗiya shi ke fara ɗaukar fartanya ran gayya, shi ke ajiyewa a ƙarshe. Da asuba na lulluɓa da bargo na hau kakkarwa. Matata ta taɓa goshina ta ce ba ta ji zafi ba. Na ce ai irin zazzaɓin nan ne na cikin ƙashi. Baiwar Allah ta dama mini koko, ta tafi taya girkin masu gayya tana waiwayena.

Bayan azahar na sa rigar Juma'a na nufi tasha. Shagon kujerun roba ne guda shida da fanka wadda ba wuta. Mai shago ya ce wace iri zan ci. Na ce, “Irin ta Abuja.” Ya dube ni, ya shige ciki. Da ya kawo sai na ga gurasa ce aka shafe da tumatir, aka barbaɗa nama da albasa, aka narka cuku a kai. Gurasa ce dai ta yi boko. Na ce, “Ina miyar?” Ya ce ba a yi mata miya. Na ce na sani, gwada shi nake yi.

Na ɗago yanki guda na gatsa da zafinsa. Cukun ya manne mini a dasashi, sauran ya miƙe daga bakina zuwa hannuna kamar igiyar shanya. Ina cikin jansa yana ƙara tsawo sai na ji sallama.

Surukina ne, laka har gwiwa, riƙe da gorar ruwa cike da tafasasshen ganyen darbejiya. Daga gona ya hau babur ya zo duba marar lafiya, bai same ni a gida ba, maƙwabta suka nuna masa hanya.

Tun da na auri ɗiyarsa ko ruwa ban taɓa kurɓa a gabansa ba. Na zame takalmi na tsuguna, baki cike. Taunawa ba dama, tofarwa ba dama, ga cuku yana lilo a gemuna. Shi kuwa ya ja gaisuwa kamar ba gobe. Ina wuni, ina gajiya, ya damina, ya mutanen gida, sannan a hankali ya ce, “Ya jikin kuma?” Duk amsar da na iya ita ce, “Uhm.”

Ya juya wajen mai shago. “Ɗan nan, kai ne likitan?”

“A'a Baba, fiza nake sayarwa.”

“To maganinka ya hi nawa aiki. Wanda aka ce mani ba ya iya tashi zaune, ga shi har tasha da rigar Juma'a.”

Ya dire gorar a kan tebur ya ce, “Kora da wannan, kar wahalata ta tashi a banza.” Sannan ya juya fuskarsa bango, wai don kar in ji kunyar sha a gabansa. Na haɗiye abin da ke bakina, na ɗaga gorar na shanye ɗacin nan tas, hawaye na zuba.

Abin da ya fi darbejiya ɗaci shi ne maganarsa ta ƙarshe. Ya ce wa mai shago ya naɗe sauran. “A kai wa ɗiyata. Tun sahe ta kasa sa komai a bakinta, tana tunanin mijinta na kwance.”

Bai zage ni ba, da ya zaga da na fi samun sauƙi. Labarin ya riga ni isa majalisa, ran kasuwa suka tafi ba ni, suna ta dariya. Matata ta ƙi taɓa kwalin, kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Sauran gonar da gayya ba ta gama ba, ni kaɗai na nome ta a kwana uku, ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya ce mini sannu.

A gonar nan na gane irin wautata. Don in burge mutanen da aikinsu dariya, na yaudari mutum biyun da za su bar abincinsu da gonarsu saboda ciwona. Tun daga ranar, duk abin da ban sani ba nakan ce ban sani ba. Kunyar faɗin haka ta ɗan lokaci ce, kuma ba ta hana kowa cin abinci.