Alƙalin da ke Bakin Malam

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan. Ga ta nan, ga ta nanku, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce, a gidan nan aka yi ta, kuma duk kun san mai ita. Modu, ɗana, kai ma zauna. Sauke hannun nan daga kuncinka, ai na riga na gani.

Maigidana Malam, ubanku kuma kakanku, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda da ƙwayar hatsi ba sai ya cije ta. Sana'arsa ke nan: ya sayi wake da gyaɗa da masara a nan Toranke da Gafasa, ya kai kasuwar Gaya. Wasu su duba da ido, wasu su murza a tafin hannu. Shi kuwa sai ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya jefa ta can ƙuryar baki, ya rufe ido, ya karkata kai. In ta ce ƙas, ta bushe. In ta yi shiru, ko kuka za ka yi ba zai saya ba. Haƙori ɗaya ne ke wannan aiki, na tauna, na ƙasa, ɓangaren dama. Har suna ya raɗa masa: Alƙali. In an kawo buhu sai ka ji ya ce, "Bari mu ji ta bakin Alƙali."

Wannan Alƙali saura kaɗan ya hana a haife ku. Ranar da Malam ya zo gaishe da mahaifina a kan maganar aurena, aka ajiye masa gyaɗa a faifai don girmamawa. Ina laɓe a bayan zana. Na ji shiru, sai na ji muryarsa:

"Baba, wannan gyaɗar an yi saurin ɗauke ta daga shanya."

Innalillahi! Gyaɗar gonar mahaifina! Tsoho ya dubi faifan, ya dube shi. Can ya ce, "Yaro, aure ka zo nema ko awo?"

"Aure, Baba. Amma a mayar da ita rana."

Aka mayar, aka kuma ba shi ni. Mahaifina ya ce mutumin da ya kasa yi wa gyaɗa ƙarya ba zai iya yi wa mace ba. Shekara arba'in da wani abu, ban kama shi da ita ba.

Wata shekara wasu 'yan kasuwa suka zo daga Kano da wata 'yar na'ura mai auna danshin hatsi. Suka zuba wake a ciki, ta nuna musu lamba, suka ce ya bushe. Malam ya ciza, ya girgiza kai. Suka yi ta dariya.

"Baba, zamani ya wuce cizo."

"To, ku saya."

Suka loda mota guda. Ba a yi sati uku ba suka dawo, wake ya yi fumfuna, suna tambayar ina tsohon nan mai haƙori. Malam ya dube su ya ce, "Taku batir take ci, nawa tuwo. Wa ya taɓa jin tuwo ya yi sanyi a cikin mutum?" Wata guda yana ba ni labarin nan, kullum da ƙari.

To, sai Alƙali ya fara ciwo. Ni na fara ganewa, don na ga ya daina shan ruwan randa sai wanda ya sha rana. Na ce, "Malam, haƙorin nan ne?"

"Kulu, ba ciwo yake ba. Hutu ya ɗauka."

Hutun ya kai shekara biyu. Ya koma cusa kanumfari a ramin, safe da yamma, har in ya shigo gida ƙamshin ke riga shi sallama. Amininsa Jauro, Bafulatanin Gafasa, kun san tsakanin Fulani da Barebari ba a raga wa juna, in ya zo sai ya tsaya a zaure yana shinshina.

"Kulu, kunu kike damawa ne, ko bawan nan nawa ne ya yi hamma?"

"Tafi can, mai bin saniya," in ji Malam, hannu a kunci. "Kai da haƙoranka ba su san komai ba sai fura."

"Je ka asibiti, Babarbare, a duba maka."

"In je su tsige Alƙali? Sai in auna wake da me, da hancinka?"

Abin da ya sa a ransa ke nan: likitan haƙori ba shi da aiki sai tsigewa. Ni ma, kada in ɗora masa shi kaɗai, haka na ɗauka. Mu a saninmu baki ba a kai shi gun likita sai ya gagara.

'Yarmu Falmata, da ke aure a Gaya, ita ce ba ta haƙura ba. Ta aiko wai a zo suna a dangin mijinta. Malam ya sa babbar riga, muka hau mai ƙafa uku, shi yana bakin ƙofa, ni ina tsakiya. Muna shiga Gaya ya ga an bar hanyar gidan Falmata, ya hango katangar asibiti. Bai yi faɗa ba. Ya taɓa kafaɗar direba a hankali.

"Ɗan nan, tsaya in kama ruwa."

Muka yi ta jira. Falmata ta zo, muka duba bayan kowace katanga. Da la'asar na dawo gida na tarar da shi a kan tabarma yana jan carbi. A bayan motar buhuna ya dawo, da babbar rigarsa.

"Kulu, yaya sunan? Me aka raɗa wa yaron?"

Na yi kwana biyu ban yi masa magana ba. Yau da zan samu kwana biyun nan, da na zauna na yi ta yi masa magana har ya gaji.

Da kaka ta zo, sai ciwon ya ɗauke ɗif. Malam ya yi ta murna, wai Alƙali ya dawo daga hutu. Ashe mutuwa ya yi a ciki, ruɓar ta gangara ƙasa. Wata safiya ya tashi kunci ya kumbura har wuya, jiki zafi, ko ruwa ba ya wucewa. Wannan karon bai ce a tsaya ya kama ruwa ba. Daga Gaya aka tura mu Kano. Suka cire haƙorin, suka kuma gano yana da ciwon suga wanda ba mu taɓa sani ba. Likitar, wata yarinya mai sanyin murya, ta ce, "Baba, da tun ramin yana ƙarami ka zo, toshe shi za mu yi, ka tafi da abinka. Ko babu ciwo ana zuwa a duba."

Malam ya juyo wajena. Da kyar maganar ta fito.

"Ashe gyara suke yi, Kulu."

"Ashe."

"To, a karɓo mini shi. A binne shi da mutunci, ya yi mana aiki."

Rana ta huɗu Modu ya zo daga gida, da sabon wake a aljihunsa. Malam ya miƙa hannu, ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya kai baki, ya kasa. Sai ya miƙo mini. Na sa a bakina, na sunkuya daidai kunnensa, na ciza. Ya rufe ido, ya karkata kai.

"Bai yi ba. A ƙara masa kwana uku a rana."

Waken ya samu kwana ukunsa. Malam bai samu ba.

Alƙali yana binne a bayan rumbu. Jauro ya je an sa masa haƙoran roba, amma ya ce ba su da amfani, tun da babu wanda zai yi wa dariya da su. Falmata duk wata shida sai ta tasa 'ya'yanta a gaba zuwa gun likita, ni ma da 'yan haƙorana guda tara da suka rage ina bin su, in hangame baki kamar 'yar tsuntsuwa. Har yau in na ji ƙamshin kanumfari sai na waiga ƙofa.

Shekaranjiya na ji shi, na waiga, sai na ga Modu. Ka gaji sana'ar, ka gaji cizon, ba za ka gaji sauran ba. Na aika wa mai ƙafa uku, gobe da hantsi zai zo. Kai za ka zauna a tsakiya, ni da Falmata a bakin ƙofa, kuma ka kama ruwanka tun daga gida.

Nan ta tsaya. Allah ka jiƙan Malam, ka yalwata masa makwanci, ka ciyar da shi abin da ba ya sa ciwo. In tamu ta zo, ka sada mu.