'Yar Fari a Bakin Raga

Filin ƙanƙarar yana cikin wani katafaren kanti ne, a can ƙasa, yadda masu sayayya za su leƙo daga benaye su kalli yara suna faɗuwa. A waje Kuala Lumpur na tafasa da zafi da gumi, a ciki kuwa numfashin mutum fita yake fari kamar hayaƙin turaren wuta. Ranar da na fara shiga na tsaya ina ta hura iska ina kallonta, har 'yar Yayata ta ja mini gefen hijabi ta ce da Turanci, "Anti, mutane na kallonki."

Karatun digiri na biyu ya kawo ni garin. Makarantata tana Jalan Semarak, na kuma sauka a gidan Yaya a Taman Melati, inda mijinta yake ta fama da nasa digirin na uku. Yarinyar ita ce 'yarsu ta fari. A goye aka zo da ita, don haka ta tashi da Turanci da Malayanci a baki. Hausa tana jin ta sarai, amma amsa take da duk abin da ya fara zo mata.

Ƙungiyar wasan hokin ƙanƙara da take ciki ba ta da dogon tarihi, kuma yawancinsa a gabana aka yi. Wani dattijo ɗan ƙasar, Basine mai furfura a gefen kunne, shi ya kafa ta, shi ne kuma kocinta. Ya yi karatu a ƙasar sanyi, ya dawo da son wasan a ransa, ya bi makarantun Setapak da Sentul yana neman yaran da iyayensu za su yarda. Masu filin suka ba shi safiyar Asabar, kafin a buɗe shaguna, lokacin da babu mai so. Takalman masu wuƙa a ƙasa duk na aro ne. Sandunan na manya ne, shi ya yanke su da zarto daidai tsawon yaran. Riga kuwa kowa da tasa, an liƙa lamba a baya da farin salatif, kafin a tashi wasa rabinta ya ɓare.

Shekarar farko ba su ci kowa ba. Ƙungiyoyin makarantun masu kuɗi za su zo da kaya iri ɗaya masu sheƙi, su zuba musu ƙwallaye su tafi. Ƙwallon ma ba ƙwallo ba ce, wata baƙar roba ce mai tauri, faɗinta kamar waina, idan ta sami mutum sai ya tuna da ita har Asabar ta zagayo. Shi ya sa babu yaron da yake son tsaron raga. 'Yar Yaya ta je filin ne bikin zagayowar haihuwar wata ƙawarta, kocin ya jefa mata robar cikin wasa, ta tare da ƙirji ba ta ko runtse ido ba. A ranar ta zama golarsu. Idan aka gama ɗaura mata kayan kariya sai ka ce an naɗe yarinya da katifa an ɗora mata kwano a ka.

Duk wahalar wasan nan Yaya ce ta ɗauka. Ita take wanke kayan da suke warin gumi, ta shanya su a baranda, ta juya su idan hadari ya taso. Ita ta ɗinka ɗan ƙaramin hijabin da yake shiga ƙarƙashin hular kwano ba ya zamewa. Ita take soya ƙosai tun da asuba don kada yarinyar ta hau ƙanƙara da yunwa. Amma da zarar mun isa filin sai ta hau can layin ƙarshe na kujeru, ta dunƙule hannuwanta cikin mayafi, ta yi shiru. Sauran iyaye suna ta buga robar ruwa a jikin ƙarfe, suna ƙwala sunayen 'ya'yansu har muryarsu ta dishe. Idan yarinyarmu ta tare wata muguwar ƙwallo, wurin ya ɗauki ihu, Yaya sai ta sunkuyar da kai tana gyara zaren mayafinta.

A gidanmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, ko da zuciyarta za ta fashe. Har yau ban taɓa jin Hajiyarmu ta faɗi sunan Yaya ba, sai dai ta ce "waccan ta Malesiya." Yaya ma haka ta tashi a kai. 'Yarta "ke" ce, ko "yarinyar nan." Ƙannen yarinyar biyu kuwa sunansu har na wasa ana faɗa. Ni na taso ina ganin abin kamar yadda nake ganin ƙofar gidanmu, ban taɓa tambayar dalilinsa ba, sai da na zauna a kujerun sanyin nan na ji yadda shirun Yaya yake da ƙara.

A shekara ta uku wani cikin iyayen ya ɗinka musu riguna na gaske, kore da fari. Don murna sai kocin ya ƙirƙiro wata al'ada. Kafin wasan ƙarshe na shekara, a shimfiɗa doguwar tabarmar roba har tsakiyar ƙanƙara, uwa ko uba ya taka ya je, ya karɓi makirfo, ya kira sunan ɗansa, yaron ya sulalo ya zo a rataya masa 'yar lambar yabo a wuya. Iyaye suka yi ta tafi. Ni na waiwaya na kalli Yaya, na ga ta riga ta fahimta.

Ranar wasan, da layi ya zo kanmu, ta tura ni da gwiwar hannu. "Tashi ki je."

"Yaya, iyaye aka ce."

"Ke ba uwa ba ce? Tashi, suna jira."

Na sauka, na kusa zamewa a kan tabarmar. Na kira sunan da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. Yarinyar ta zo, ta sunkuyar da kai na rataya mata lambar, amma idonta yana can sama, layin ƙarshe.

Bayan wasa aka tafi mamak, shagon Indiyawa Musulmi, shan shayi kamar yadda aka saba. Wata mata Bamalayiya, uwar ɗaya daga cikin 'yan gaba, ta dafa ni tana dariya ta ce, "Ashe ke ce uwar golarmu? Kin yi ƙuruciya lah!"

Na ce, "A'a, ni ƙanwar uwarta ce. Ga uwarta nan."

Ta kalli Yaya, ta kalli yarinyar, ta mai da idonta cikin kofin shayinta. Matar kirki ce. Na buɗe baki zan yi bayani, duk Turancin da nake rubuta takardun makaranta da shi ya gudu ya bar ni. Me zan ce? Cewa a wajenmu wanda aka fi ji a rai shi ake ɓoyewa? Na ji maganar a kaina, na ji yadda za ta faɗo a kan teburin nan tsakanin gurasar roti da miyar wake, sai na haɗiye ta. Kunnuwana suka yi zafi a ƙarƙashin hijabi. Na ji kunyar matar, na ji kunyar Yaya, na kuma ji kunyar yadda na matsar da kujerata kaɗan daga tata.

A jirgin ƙasa muna komawa, yarinyar ta zauna kusa da ni, ta cire lambar ta cusa a aljihun jaka. Ta ce a hankali, "Ba ta so a san ni 'yarta ce."

Na ce, "Kai, wa ya gaya miki? Al'ada ce. Kakarki ma haka take yi mata."

"To ita ma ba ta ji daɗi ba ke nan," in ji ta, ta juya tana kallon taga.

Shekarar da ta biyo baya ƙungiyar ta fara tsayawa da ƙafarta. Yaran sun yi tsawo, sun daina karo da juna. Suka ci wasansu na farko, kocin ya cire tabarau yana goge ido da bakin riga. Suka ƙara cin wani. Kowa ya san rabin nasarar daga raga take, domin yarinyar nan ta zama bango. Har matan Hausawan Sentul suka ji labari, wata Hajiya mai sayar mana da atamfa da yaji ta ce lallai za ta zo wasan ƙarshe ta ga abin da idonta.

Ana saura 'yan kwanaki muna cin tuwo, yarinyar ta ajiye cokali. Da Hausa ta yi maganar, abin da ba ta cika yi ba.

"In Mama ba ta kira ni ba, ba zan shiga raga ba."

Babanta ya yi tari, ya duba agogo, ya ce bari ya leƙa masallaci, alhali da sauran lokaci. Shi ma 'yar farinsa ce, bai fi Yaya iya faɗin sunan ba. Ƙungiyar kuwa ba ta da wani gola. In ba ta shiga ba, babu wasa, yaran nan duka sun yi wahalar banza.

Na sami Yaya a kicin tana wanke tukunya da ƙarfin da ya fi na tukunyar.

"Yaya, suna ne fa kawai."

"Ke auta me kika sani? Ke da kowa yake kiran sunanki kamar tallar goro."

"Nan ba gida ba ne. Wa ya san mu?"

"Babanta zai zauna yana ji. Hajiyar Sentul za ta ɗaga waya ta ɗauka. Kafin la'asar bidiyon yana hannun Hajiyarmu, yana hannun surukata. Su ce Malesiya ta cinye ni, na tsaya gaban maza da lasifika ina shelar 'yar fari." Ta ɗauraye tukunyar ta kife. "So kike in tsaya tsirara a kasuwa."

Na fice na bar mata kicin ɗin.

Ranar Juma'a da yamma na dawo daga makaranta da wuri. Gidan shiru. Na hango ta a baranda, zaune a kan kujerar roba, hular kwanon yarinyar a cinyarta tana goge ƙarafan fuskar da tsumma. Leɓɓanta suna motsi. Ta kan fara, sautin farko na sunan ya fito, sai ta tsaya, ta ja numfashi, ta sake gogewa. Ta sake farawa. Na koma da baya a kan yatsun ƙafa, na shige ɗaki, fuskata na zafi kamar na leƙa ta tana wanka.

Asabar filin ya cika fiye da kullum, har a benaye mutane sun jingina da ƙarfe suna kallo. Aka shimfiɗa tabarmar. Iyaye suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, wani uba har da waƙa. Hajiyar Sentul ta ɗaga wayarta sama. Mijin Yaya ya ƙura wa rufin ginin ido kamar an ba shi aikin ƙirga fitilu. Yarinyar tana tsaye a gefen fili cikin katifunta, ba ta ɗaura igiyar hularta ba.

Kocin ya ce saura gola. Na fara tattara hijabina don in tashi, sai Yaya ta dafa gwiwata. Hannunta sanyi ƙalau. Ta miƙe ta sauka matakalar a hankali, ta bi tabarmar tana taka ta kamar mai tsallaka rafi. Kocin ya miƙa mata makirfo. Ta karɓa ta riƙe a ƙirji.

Ana jin ƙugin injin da yake daskarar da ƙanƙara. Wani jariri ya yi kuka a sama. Ni na sa fuskata cikin tafin hannuna ina leƙe ta tsakanin yatsu, ina roƙon Allah ko dai ta faɗa ko ƙanƙarar ta tsage mu shige duka.

Sai ta kai makirfon baki ta ce da Hausa, "Ke, zo nan. Sanyi nake ji."

Babu wanda ya gane sai mu. Yarinyar ta sulalo a hankali ta tsaya a gabanta. Yaya ta mayar wa kocin makirfonsa. Ta kama ƙarafan hular da hannu biyu, ta sunkuya ta kai bakinta daidai kunnen yarinyar, mayafinta ya zubo ya rufe su su biyu. Ban ji komai ba. Na dai ga kafaɗun Yaya sun ɗaga sun sauka.

Daga baya yarinyar ta ba ni labarin sauran. Ta ce sunanta Yaya ta raɗa mata, sai ita ta ce, "Mama, ai babu wanda ya ji."

Yaya ta ce, "Ke kin ji?"

"Na ji."

"To."

Ta rataya mata lambar, ta ɗaure mata igiyar hular da kanta, ta ja ta tabbatar ta kama. Yarinyar ta buga sandarta a ƙanƙara, ta juya ta nufi raga. Mutane suka yi tafi ba tare da sun san abin da suke wa tafi ba. Yaya ta hawo ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa, haka ta zauna har aka tashi. An ci su a wasan, da ƙwallo ɗaya tak, wadda ta daki ƙafar ɗan bayansu ta shige.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba bayan nan. Masu filin suka ba wa masu koyon rawar ƙanƙara safiyar Asabar, kocin ya yi ta neman wani lokaci bai samu ba, yaran suka watse, wasu suka koma manyan ƙungiyoyi. Rigar mai kore da fari tana nan a ƙasan akwatin Yaya tare da zannuwan aurenta.

Amma ranar, a jirgin komawa Taman Melati, babu wanda ya iya kallon wani. Mijin Yaya ya tsaya can bakin ƙofa yana karanta taswirar tashoshi. Ni ina kallon takalmina. Yaya ba ta buɗe fuska ba sai da muka iso. Ta miƙe, ta dubi gefen da yarinyar take, ba ita kanta ba.

"Ke, ɗauki jakarki."

Yarinyar ta saɓa ƙatuwar jakar a kafaɗa, lambar na lilo a wuyanta, ta ce, "To, Mama."