Jarkokin Baba

Kai, Allah Ya yi mana albarka, mu 'ya'yan kirki! Shekara talatin Baba yana sauke buhunan dankali a kasuwar Farin Gada, muka ce ya isa haka, muka sayo masa kujera mai laushi. Ko buta zai ɗauka, sai wani ya riga shi.

Jiya da hantsi na leƙa bayan gida, na tarar da shi da jarkokin ruwa biyu, yana ɗagawa yana saukewa, yana haki.

Na ce, "Haba Baba! So kake unguwa ta ce ba ma kula da kai?"

Ya ce, "Rufa min asiri, oga. Tunda kuka zaunar da ni, sai na dafa bango nake tashi daga sujada. Shekaranjiya 'yarka ta miƙo hannu in ɗauke ta, na yi kamar ban gani ba."

Na rage masa ruwan zuwa rabi, na tsaya ina ƙirga masa. Ya kai goma yana murmushi.

Ku da kuke karɓe har tsintsiya daga hannun tsofaffinku, hutu kuke ba su ko ƙarfinsu kuke kwashewa?