Hoton da Iya Ta Zo Nema

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar da wata tsohuwa daga Kazage ta shigo shagona da kwamfuta ƙunshe a zani. Lokacin ina gyaran kwamfutoci a Magajin Gari, kaina na hayaƙi, gani nake babu kullen da zai gagare ni.

Kwamfutar ta ɗanta ce, malamin makaranta. 'Yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Kaduna suka shige daji da shi, daga baya labarin rasuwarsa kawai aka kawo, ko gawa ba a gani ba. Direba ne ya tsinci jakarsa a ƙarƙashin kujera. Wayarsa ta tafi tare da shi, hotunan gida kuwa sun ƙone ranar da aka cinna wa ƙauyensu wuta.

Ta ce, "Ɗan nan, matarsa ta haihu bayansa. Hoto ɗaya nake so, yarinyar ta tashi ta san fuskar ubanta."

Na ce, "Iya, kwantar da hankalinki, ai wannan ƙaramin aiki ne."

Aka yi sa'a asusun admin, wato mai cikakken iko a kan na'urar, ba shi da kalmar sirri. Na shiga, na nufi foldar marigayin, kwamfuta ta ce ba ni da izini. Har murmushi na yi. Na mayar da mallakar foldar hannuna, na ba kaina izinin komai. Iya na tsaye a kaina, ba ta iya karatu ba amma ko ƙiftawa ba ta yi.

Folda ta buɗe. Wajen hotuna wayam, ko guda babu.

Nan take na gane abin da ya faru. A garin nan kowa kafin ya hau hanyar daji sai ya goge hotunansa, saboda in 'yan bindigar suka gan ka a hoto da babbar riga ko kusa da mai kaki, ka shiga uku. Shi kuwa ya san na'ura, ya yi gugar da ba ta dawowa. Na gwada duk dabarar da na sani har la'asar, a banza.

Ta ce, "Bai buɗe ba ne?"

"Ya buɗe, Iya. Amma ɗanki ya goge hotunan kafin ya tafi."

Ta fara ƙunshe kwamfutar a hankali. "Ni na sa shi," ta ce. "Na ce kada ya bar ko ɗaya, kada su gani."

Ranar na gane cewa ikon admin ɗin da nake taƙama da shi buɗe ƙofa kawai ya iya. Kuma tsoro ya kai mu inda tun kafin a taɓa mu, mu da kanmu muke share alamar mun taɓa rayuwa.